Europa Universalis IV: wasan da Kano za ta iya kai yaƙi har Maroko

Duk wanda ya karanta labarin yaƙin Tondibi na 1591, inda sojojin Maroko suka tarwatsa rundunar Songhai da bindigogi, da wuya bai tambayi kansa ba: to da a ce Askiya, sarkin Songhai, shi ma yana da bindigar fa? A kan irin wannan tambayar aka gina Europa Universalis IV, wasan kwamfuta da kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2013.

Wasan yana farawa daga 1444 ya tsaya a 1821. Za ka zaɓi ƙasa a taswira ka riƙe ragamarta, daga haraji da fatauci har ƙawance da yaƙi. Mutane da yawa Faransa ko Ingila suke ruga wa. Ni Kano nake ɗauka, don tana ciki, ga Katsina da Zazzau a maƙwabta, ga Borno a gabas. Katsina ma ita ce cibiyar kasuwancin yankin a wasan, abin da a matsayina na Bakano har yanzu bai kwanta mini ba.

Daɗin abin shi ne ba a ba ka nasara a sama. Da farko rabin duniya a rufe take, ko Turai ba ka gani. Ka ci garuruwa uku a jere, sai maƙwabta su haɗa kai su yi maka taron dangi. Sababbin dabaru kuma a makare suke iso ka, ci gaban yaƙi ya yi tsada, dole ka zaɓa tsakanin gina kasuwa da ƙara dakaru. A nan ne mutum yake rage zagin sarakunan da. Amma ranar da dawakinka suka ƙetare Sahara suka tsaya a ƙofar Marrakesh, wallahi sai ka ji kamar ka rama wa Songhai.

Aibinsa biyu. Ba Hausa a ciki, kuma koyonsa yana cin rai, allon cike yake da lambobi. Sannan ƙarin fakitocin da ake sayarwa daban sun yi yawa, kuɗinsu ya ninka na wasan. Ka jira lokacin rangwame a Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, ka fara da fakitin Origins na 2021, shi ne ya fi kula da Afirka.