Fulasta ko allon jifsom a bangon ɗaki? Ga amsata a Legas

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a ginin. Kan tambayarka ta ko a yi wa bangayen cikin gidanka na Agege fulastar siminti ko a rufe su da allon jifsom irin na ofisoshi, ni dai in ka bi tawa, yi fulasta. Kada kyan hotunan da ɗan kwangila ya nuna maka a waya ya ɗauke maka hankali.

Tun farko gininmu da na Amurka ba ɗaya ba ne. A Amurka yawancin gidaje da katako ake kafa su, allon nan shi ne fuskar bangon, in babu shi babu bango. Kai kuwa ka riga ka sayi bulo mai inci 9 da mai inci 6, an jera, bango ya tsaya da ƙafarsa. In ka sake kafa ƙarafa a gabansa ka ɗaura allo, ka biya kuɗin bango sau biyu, ka rage faɗin ɗaki, sannan ka bar rami tsakanin allo da bulo. Wanda ya zauna a Legas ya san masu tarewa a irin wannan rami: kyankyasai da ɓeraye.

Sai maganar danshi, wadda ita ce ta fi komai. Abin da ke cikin allon jifsom ne, wani farin abu mai kama da alli, amma fuskokinsa biyu takarda ce. Garin da ake ruwa tun daga Afrilu har Oktoba, tufafi a cikin akwati ma suna yin funfuna, me kake tsammani daga takarda? Da zarar ruwa ya taɓa gindin allon sai ya sha, ya kumbura, ya yi taushi, baƙaƙen ɗigo su fito. Ba ya warkewa, sai dai a yanke a sa sabo. Masu aikin za su ce maka akwai allo kore mai jure danshi. Gaskiya ne akwai, amma jure danshi daban, zama cikin ruwa daban. Ofisoshin Ikoyi da Victoria Island da kake gani fes, na'urar sanyaya ɗaki ce ke aiki a cikinsu wuni guda tana tsotse laimar iska. Kai da za a ɗauke wuta a buɗe tagogi, lissafinka ba nasu ba ne.

Gidan da nake ciki a wajen Ketu wani dattijon magini ɗan Kwatano ne ya yi mana fulastarsa, har yau in na shafa bangon falo sai na yi masa addu'a. Ranar da tifa ta sauke yashi, bai bari an taɓa ba sai da ya damƙi cikin hannu ya murza, ya buɗe tafinsa ya duba ko ya bar jan laka. Ya sa yara suka tankaɗe shi tas. Kafin ya ɗora ko cokali ɗaya, ya jiƙa bulon da ruwa, ya ja igiya, ya manna 'yan dunƙulen kwaɓi a kusurwoyi da tsakiya don ya san kaurin da zai bi. Duk inda bulo ya haɗu da ginshiƙin kankare sai ya buga ragar waya, ya ce nan ne tsagewa ke fara fitowa. In ya gama ɗaki, da asuba za ka ji shi yana yayyafa wa bangon ruwa kafin ya karya kumallo, kuma bai yarda mai fenti ya shigo ba sai da bango ya bushe ya yi fari ko'ina. Na ƙosa a lokacin, shi kuwa ko a jikinsa. Wata damina kwata ta toshe a layinmu, ruwa ya shigo falo har idon sawu. Da ya janye muka wanke, muka buɗe tagogi, bayan bango ya sha iska aka kankare gindin aka sake fenti. Shi ke nan. A jikin bangon nan talabijin take, a jikin irinsa akwatunan kicin suke rataye cike da tukwane, ba abin da ya motsa. Yara sun buga ƙwallo, an ja gado an tura kujera, iyaka fenti ya goge.

Allon kuwa, na gaje shi a wani shago da na taɓa kamawa haya, wanda ya riga ni ya raba wurin da shi. Yana da sauri, ba ya ɓata wuri da kwaɓi, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Kan benci ya doke shi sau ɗaya ya huda, kuma duk maganar da ake yi a ɗaya gefen tana kunnenka, don ba a cusa masa audugar hana ƙara a ciki ba.

Wuri ɗaya zan ce ka yi amfani da shi ba tare da na yi gardama ba. In a saman bene kake so ka raba ɗaki biyu, a inda injiniya bai sa bim (dogarin kankare mai ɗaukar nauyi) a ƙasa ba, kada ka ɗora bulo da fulasta a kan kankaren benen. Nauyi ne da ba a yi lissafinsa ba, kuma mun ga abin da ganganci da nauyi ke jawowa a garin nan. A nan allo ya fi, saboda bai da nauyi. To amma a yi shi yadda ya kamata: mai kaurin milimita 12 ko 12.5, ƙarafan tsaye kowane santimita 40, in an yi nisa 60, a ɗaga gindinsa kaɗan daga ƙasa, a manna tef a kowace mahaɗa, a shafa ƙullin mahaɗa hawa uku ana barin kowane ya bushe, a goge da samfefa, a sa fentin share fage kafin na gaske. Inda za ka rataye abu mai nauyi a sa katako a ciki tun kafin a rufe. Masu yi da yawa tef ɗin nan suke tsallakewa, bayan 'yan watanni sai ka ga layi ya tsage tiƙ daga sama har ƙasa, kowane mita 1.2, daidai faɗin allon.

Ita ma fulasta ba a ce ba ta da hali ba. Tana cin lokaci, tana son ruwa na kusan mako guda bayan an yi, sannan a ba ta makonni uku zuwa huɗu kafin fenti. Mai wayarin da mai famfo su gama fasa bango su binne bututansu tukuna, in ba haka ba za a dawo a sassare maka aikin da ka biya. Kaurinta a ciki milimita 12 zuwa 15 ya isa. In bulo ya karkace har ana buƙatar fiye da haka, a yi hawa biyu, kada a lafta a tashi ɗaya. Kuma in ba a sa ledar hana danshi a harsashin ginin ba, ruwan ƙasa zai hau bango ya ɓare fenti. Wannan ba laifin fulasta ba ne, allo ma ɓoye matsalar kawai zai yi har ta ruɓar da shi. In santsi irin na allon ne ya burge ka, a yi maka sikiridin, wato siririn shafe mai sa santsi, a kan fulastar, a goge, za ta fito sumul kamar ƙwai.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, Alhaji, don a nan ake cutar mutane. Buhun siminti kilo 50 ne. Akwai masu farke buhu su ɗebi kwano su ɗinke, akwai masu sayar da wanda ya kwana a danshi ya fara dunƙulewa. Ko Dangote ne ko BUA ko Lafarge, saya wurin dila sananne, ka duba ɗinkin bakin buhun, ka sa a ɗora 'yan buhuna a sikeli a gabanka. Yashi kuma ka tambayi daga inda aka ɗebo. Wanda ke da gishiri a jikinsa zai fito maka da farin gari a bango, fenti ba zai zauna ba. Na fulasta mai laushi ne, kada a kawo maka mai tsakuwa na kankare a ce duk ɗaya ne. In allo za ka saya a Orile ko Mushin, tafi da abin awo, don mai milimita 9 na silin ake miƙa wa wanda bai sani ba a kuɗin mai 12. Duba gefunansa, in sun yi taushi ko takardar ta yi tabon ruwa, bar musu kayansu.

Wurin kwaɓi ma ka sa ido, ko ka ajiye yaron da ka yarda da shi. Buhu ɗaya yana ɗaukar kwanon leburori 8 zuwa 12 na yashi, kuma yana rufe kusan murabba'in mita 10. In ka ga buhu ɗaya ya shafe rabin falo, an tsinka kwaɓin, sauran simintin ya bi ta bayan katanga. Kada ka biya kuɗin aiki gaba ɗaya, biya ɗaki-ɗaki. Kafin ka sallami kowane ɗaki, ɗora dogon katako miƙaƙƙe a bango ka ga ko haske na wucewa ta ƙarƙashinsa. Karta da makulli, in yashi na zubowa siminti bai ji ba. Ƙwanƙwasa da bayan yatsa, inda ya yi ƙarar fanko bai kama bulo ba, a sassare a sake da kuɗinsu.

Ka nemi maginin ya kai ka gidan da ya yi wa fulasta wanda ya ga damina biyu ko uku, ka shiga banɗaki da kicin ka duba gindin bango da idonka. In ya fara kame-kame, nemi wani.