Sharhi kan autorandr: jona majigi ba tare da kashe kwamfuta ba

Masu koyarwa a Damagaram da ke yawo da laftof daga wannan aji zuwa wancan, ku nemi autorandr. Ƙaramar manhaja ce ta kyauta mai tuna saitin allo, ni kuma a kan Linux Mint mai Xfce (manhajar fuskar kwamfuta) nake amfani da ita, cikin wata tsohuwar ThinkPad da aka kawo mini daga Kano.

Tun 2007, da RandR 1.2, tsarin da ke kula da saitin allo, ya fito, Linux ke iya karɓar sabon allo tana kunne, ba sai an gyara fayil ɗin xorg.conf an kashe an kunna ba. Abin da ya rage shi ne saiti: kullum ka jona majigi sai ka sake gaya mata girman hoto da gefen da zai zauna. Wannan wahalar autorandr ta ɗauke. Ka daidaita komai sau ɗaya yadda kake so, ka rubuta autorandr --save aji a cikin terminal (wurin rubuta umarni) don ta adana saitin da sunan aji, shi ke nan. Kowane allo yana da shaidarsa da ake kira EDID, wadda yake turo wa kwamfuta ta cikin waya, da ita manhajar ke gane majigin aji daban, talabijin ɗin gida daban.

Inda ta fi burge ni shi ne lokacin ɗauke wuta, musamman a watan Afrilu da zafi ya kai zafi. Majigi ya mutu, aikina ya dawo kan fuskar laftof. Ana tada janareta, fitilar majigin ta yi kore, kafin ɗalibai su gama gyara zama hoton ya koma bango yadda yake. Ko linzami ban taɓa ba.

Sai dai ba ruwanta da madannai, kuma mu a nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Laftof ɗina QWERTY ce irin ta Najeriya, madannan USB da ake samu a kasuwar Dole kuwa galibi AZERTY ne na Faransanci. In da umarnin setxkbmap ka saita madannan, kana zare waya ka mayar saitin ya tafi, ka danna A ka ga Q. Maganinsa ɗan fayil ne a cikin /etc/X11/xorg.conf.d, mai sashen InputClass da zai ambaci sunan madannan waje ya ba su tsarin fr, wato na Faransanci. Na laftof na bar su kan ng(hausa) saboda ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. A Xfce ka bar madannai su bi saitin tsarin kwamfuta, ka kuma kashe nata mai daidaita sabon allo, kada su riƙa ja-in-ja da autorandr.

Adafta mai arha ta HDMI zuwa VGA wani lokaci ba ta isar da EDID daidai, majigi biyu su zame wa autorandr ɗaya. Kuma X11, tsohon tsarin nuna hoto a Linux, kaɗai autorandr take yi wa aiki. Mai Ubuntu 22.04 da ke kan Wayland, sabon tsarin, sai ya zaɓi Xorg (wato X11) a wurin shiga kafin ya gwada ta.