vDPA a kan Linux: abin da na gani a sabobinmu na Jidda

Duk wanda ke riƙe da saba (babbar kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) mai ɗauke da kwamfutocin kwaikwayo da yawa (waɗanda manhaja ke ƙirƙira a cikinta), kuma yana ganin ƙarfin furosesa na ƙarewa wajen dakon fakitin netwok, ya kamata ya gwada vDPA, tsarin da ke miƙa wa katin netwok wannan dakon. Ni dai na gwada shi a ƙaramin kamfanin da nake aiki a Jidda, inda muke ajiye manhajojin masu harkar Umara da Hajji: rajista, masauki, motocin ziyara. Yawancin abokan cinikinmu Hausawa ne, wasu a nan, wasu a Makka, wakilansu kuma a Kano da Yamai. Idan goman ƙarshe na azumi ta shigo, sabobin nan ba sa samun hutu dare da rana.

A da hanya biyu muke da ita, kowace da ciwonta. Ta farko virtio-net, wato katin netwok na kwaikwayo, tare da vhost-net, ɓangaren Linux ɗin saba da ke yi masa jigilar fakiti. Kowace kwamfutar kwaikwayo ta Linux ta san shi, Windows ma akwai direbansa, amma kowane fakiti sai furosesar saba ta ɗauke shi ta kwafa. Ta biyu SR-IOV, inda ake yanka katin netwok gida-gida a miƙa wa kowace kwamfuta nata yankin. Gudu kam akwai, sai dai dole mai kwamfutar ya sa direban kamfanin da ya ƙera katin, sannan ɗauke ta zuwa wata sabar tana cikin aiki ya zama abu mai wuya ƙwarai. Ka ce wa Alhajin da ke fama da ɗaruruwan maniyyata ya sa sabon direba a tsakiyar kaka, ka ji amsar da zai ba ka.

Dabarar vDPA ita ce raba aikin gida biyu. Katin da kansa yake karanta layukan virtio, inda fakiti ke jiran a ɗauke su, ya kwashi fakiti kai tsaye daga memorin kwamfutar kwaikwayo, shi kuwa direban da ke cikin kanel, wato zuciyar Linux, aikinsa bai wuce shirya katin da daidaita abubuwan da ɓangarorin biyu suka yarda da su ba. Tsarin ya shiga Linux 5.7 a shekarar 2020, Jason Wang na Red Hat ne ya ja ragamarsa, kuma ya zo tare da direban Intel mai suna ifcvf. Na katunan Mellanox ya biyo baya a 5.9, QEMU kuma, manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin kwaikwayo, ta fara karɓarsa tun sigarta ta 5.1.

Haɗa shi bai ba ni wahalar da na zata ba. An kunna IOMMU, mai kula da inda kati zai iya taɓawa a memori, an mai da katin yanayin switchdev, inda Linux ke tsara zirga-zirga tsakanin yankunansa, da umarnin devlink, an yanko yanki ɗaya, sai umarnin vdpa dev add ya haifar da /dev/vhost-vdpa-0, na miƙa wa QEMU. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ba wanda na roƙa ya taɓa komai a cikin kwamfutarsa. Direban virtio ɗin da ke nan tuntuni shi ne ya ci gaba da aiki. Wani dattijo mai kamfanin masauki a Makka ya kira ni ya ce, "Malam, yau shafin nan ba ya jan ƙafa, addu'a kuka yi masa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, da addu'ar da sabon kati." A gefena kuma na ga nauyin furosesa ya sauka sosai a lokacin cunkoso.

To, ga inda ya ɗan matsa mini. vhost-vdpa, ɓangaren da ke haɗa QEMU da katin, yana kafe memorin kwamfutar kwaikwayo gaba ɗaya, domin katin na rubutu a cikinsa kai tsaye, ba zai yiwu a janye shafin memori a ƙarƙashinsa ba. Mu kuwa ƙananan kamfanoni mun saba raba memori fiye da wanda muke da shi, muna dogaro da cewa ba kowa zai cinye nasa lokaci guda ba. Da vDPA wannan lissafin ya rushe. Sai da na zauna da oga na ce masa ko dai mu ƙaro memori, ko mu zaɓi kwamfutocin da suka fi cin netwok kaɗai mu ba su. Na biyun muka yi, kuma shi nake ba kowa shawara. Ɗauke kwamfuta zuwa wata sabar tana cikin aiki ma yana yiwuwa a sababbin QEMU, amma a lokacin QEMU kan shiga tsakani don ta san shafukan da katin ya taɓa, gudu ya ragu, shi ya sa nake yin hakan da safiyar Juma'a, lokacin da babu cunkoso. Dillalin da ya kawo mana katin kuma da tsohuwar manhajar ciki ya kawo shi, sai da aka sabunta kafin ya amsa. A tambayi wannan tun kafin a biya riyal ko ɗaya.

Ɓangaren da na fi ƙauna shi ne na mai son koyon rubuta direba. Bayanan a warwatse suke, amma lambobin da ke drivers/vdpa suna karantuwa. Direba cike gurbi yake yi a vdpa_config_ops, jerin ayyukan da kanel ke nema daga gare shi: ina adireshin layi, nawa ne tsayinsa, yaya za a zunguri kati idan akwai sabon aiki, yaya za a nuna masa taswirar memori. Akwai kuma vdpa_sim, katin kwaikwayo da ke dawo maka da duk fakitin da ka tura. Wani ɗalibi ɗan unguwarmu da ke zuwa koyon aiki wurina ya ɗora shi a tsohon laftof ɗinsa, ya bi sawun kowane kira har ya gane yadda kanel da kati ke cinikin fasali. Daga Linux 5.15 an ƙara VDUSE, aikin injiniyoyin ByteDance, wanda ke bari a rubuta na'urar a wajen kanel, ko da yake da faifan ajiya ya fara. Yanzu yaron na gyara vdpa_sim ya riƙa ƙirga fakitin da suka ɓace, na ce idan ya gama zan ba shi yanki ɗaya na katin gaske a sabar gwaji bayan an kammala aikin Hajji.