Google Calendar a hidimar ikilisiya: zai iya kare lokacin fasto?

A ikilisiya mai mambobi 200, idan kowa ya nemi ganin fasto sau ɗaya kacal a wata, na minti 30, awa 100 ke nan, wato sama da awa 23 a kowane mako. Ba a zo kan shirin wa'azi ba tukuna, balle jana'iza, ɗaurin aure, ziyarar asibiti da zaman dattawa. Kowa na ganin tasa buƙatar ƙarama ce, domin ba mai ganin jimillar sai faston da iyalinsa. Matsalar ba ta yau ba ce. A Fitowa sura 18 Yetro ya gargaɗi Musa cewa zai gajiyar da kansa da jama'ar duka idan bai naɗa shugabanni a kan dubu, ɗari, hamsin da goma ba. A Ayyukan Manzanni sura 6 kuma an zaɓi mutum bakwai su kula da rabon yau da kullum, don manzanni su duƙufa ga addu'a da hidimar Maganar.

Ikilisiyar da ke son tallafa wa fastonta da gaske tana buƙatar hanyar ganin kayan da ke kansa, da hanyar raba shi. Google Calendar na yin wannan aikin da kyau, kuma kyauta ne ga duk mai asusun Google. Sai dai yana da tarkuna, kuma mafi muninsu na iya tona asirin wanda ya zo neman shawara.

Manhajar ta fito a Afrilun 2006. Tana aiki a wayar Android, a iPhone, da burauzar kwamfuta. Ba don coci aka yi ta ba: ba ta riƙe rajistar mambobi, ba ta lissafin baiko. Abin da ta iya shi ne nuna wa mutane da yawa lokacin mutum ɗaya, kowa daidai gwargwadon izinin da aka ba shi.

Tun wajen buɗe asusu ake fara ɓata lamarin. Magatakarda ya ƙirƙiri kalandar coci a cikin asusunsa na kansa, ranar da ya sauka daga muƙami ko ya ƙaura, sai a shiga bin sa ana roƙo. A buɗe asusu da sunan ikilisiya, kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu. Idan an kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin tabbaci ta waya bayan kalmar sirri, a buga lambobi 10 da Google ke bayarwa don shiga ba tare da wayar ba a takarda, a adana su tare da takardun coci, don wayar da aka ɗaura wa asusun na iya ɓata. Kada kuma a bar asusun ya kwanta: Google na da ikon goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba.

Kalanda uku sun isa. Ta farko ta fasto ce, a cikin asusunsa, shi ke da iko da ita. Ta biyu ta shirye-shiryen ikilisiya: sujada, nazarin Littafi Mai Tsarki, gwajin mawaƙa, tarurruka. Ta uku ta masu ɗaukar nauyi, inda za a rubuta wanda zai yi ziyara, wanda zai yi addu'a, da wanda zai karɓi wa'azi. Ta biyu da ta uku su zauna a asusun coci. Wannan shirin na farko a yi shi a kwamfuta, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Batun izini shi ne inda ya kamata a natsu. Matakan da aka saba da su huɗu ne: mutum ya ga kawai ko fasto na da aiki a wannan lokacin ba tare da ganin wane aiki ba, ya ga cikakken bayani, ya iya gyara abin da ke ciki, ko ya iya gyarawa har ya ba wasu izini. Dattawa da shugabannin ƙungiyoyi matakin farko ya wadace su. Duk abin da suke buƙatar sani shi ne ƙarfe huɗu na yammacin Laraba a cike yake. Mataki na huɗu kada fasto ya ba kowa.

Ga tarkon. Akwai zaɓin sanya wa ganawa alamar sirri, kuma mutane na ɗauka da zarar sun danna shi magana ta ƙare. Alamar na ɓoye bayani ga masu kallo kawai. Wanda aka ba cikakken izinin gyara yana ganin komai. Saboda haka idan magatakarda ne ke shirya wa fasto lokutansa, kuma fasto ya rubuta sunan wasu ma'aurata tare da abin da ya kawo su, magatakarda ya karanta. Maganinsa ɗabi'a ce: ganawar shawara a rubuta mata «ganawa» kawai, ba suna, ba dalili. Haka nan zaɓin buɗe kalanda ga duniya, wanda ke sa a iya cin karo da ita har a binciken Google. Ta shirye-shiryen coci za a iya buɗewa. Ta fasto da ta ziyarar marasa lafiya, ko kusa.

Abu na farko da za a shigar, kafin kowane taro, shi ne ranar hutun fasto: yini guda cikakke, mai maimaita kansa kowane mako, wanda dattawa suka amince da shi a zamansu kuma aka sanar daga bagade. Bayansa sai zango biyu na awa huɗu-huɗu don shirin wa'azi. A nan akwai wani ƙaramin abu mai ɓata shiri gaba ɗaya. Idan aka shigar da abu a matsayin na yini guda, manhajar kan ɗauke shi a kan cewa mutum na da sarari, ba ya cikin aiki. Sai dattijo ya duba ya ga ranar hutun fayau, ya sa taro. Dole a buɗe bayanin ranar a sauya shi da hannu zuwa «yana da aiki», ko kuma a shigar da shi da awanni, daga safe zuwa dare.

Shafin neman ganawa shi ne ɓangaren da ya fi burge ni. Fasto ya ware lokutan da yake karɓar mutane, manhajar ta fitar da mahaɗi, mai buƙata ya zaɓi gurbin da ba kowa. Tsarin da ke aiki ga fasto ɗaya: yammaci biyu a mako, minti 45 ga kowace ganawa, tazarar minti 15 tsakaninsu, iyaka huɗu a rana. Gurbi takwas ke nan a mako. A sa sai da awa 24 kafin lokaci za a iya kama gurbi, kuma kada a buɗe fiye da kwana 14 gaba, domin wanda ya kama gurbin wata biyu masu zuwa yakan manta, ko matsalar ta wuce. Tazarar nan kada a raina ta. Wanda ya gama sauraron mai makoki ba ya iya juyawa nan take ya zauna da masu shirin aure.

Asusun kyauta na da iyaka a nan. Shafi ɗaya yake bayarwa, ba ya aika wa mai zuwa tunatarwa da kansa, kuma babbar kalandar fasto kaɗai yake dubawa kafin ya nuna gurbi. Ma'ana, taron da ke cikin kalandar coci ba zai toshe gurbin ba sai an gayyaci fasto ta adireshin imel ɗinsa ya kuma amsa gayyatar. Rashin yin haka ne ke haifar da mutum biyu a ƙofar ofis a lokaci guda. Fom ɗin kuma sai da suna da imel. Tsofaffi da waɗanda ba su da imel, magatakarda ya kama musu gurbi da adireshin coci, ya sa lambar wayarsu a layin da za a iya ƙarawa, ya kira su ana gobe. Kada a ƙara layin tambayar dalilin zuwa.

Gaggawa ba ta bin shafi. Rasuwa, haɗari, ko mara lafiya da jiki ya yi tsanani, a kira. Amma a fara kiran dattijon mako, wanda sunansa da lambarsa ke saman kalanda ta uku daga Lahadi zuwa Asabar. Shi zai tantance ko abin na tayar da fasto ne ko kuwa shi da wani za su iya zuwa. Ba tare da wannan ba, ranar hutu rubutu ne kawai.

Kalanda ta uku ce ke nuna ko ikilisiya na nufin abin da take faɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ziyarar gidaje da asibiti a raba ta ga mutum biyu-biyu, kowane rukuni mako guda, su ba fasto rahoto a taƙaice su faɗi wanda lallai sai ya gani da kansa. Lahadi ɗaya cikin shida ko takwas wani ya hau bagade, kuma a sa sunansa tun wata biyu kafin ranar. Don yi wa fasto da iyalinsa addu'a, a raba kwanakin wata ga gidaje 28, ba 31 ba: abin da aka ɗora a kan ranar 31 ba zai bayyana a watannin da ba su kai ba, na 30 kuma Fabrairu zai tsallake shi. Ragowar kwanakin dattawa su ɗauka. Wannan jadawalin a nuna wa fasto. Sanin cewa gidan wane na ambatonsa yau ƙarfafawa ce babba.

Albashi ma ya shiga, da tunatarwa ga ma'aji kwana uku kafin ranar biya. 1 Timoti 5:17-18 ta ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, kuma ba abin da ke ƙasƙantar da fasto kamar ya bi ma'aji yana tuni. Hutun shekara a tsayar da ranakunsa tun Janairu, tare da sunayen masu riƙe aiki, in ba haka ba kullum za a sami dalilin ɗagawa. Wasu na sa gida ɗaya a mako ya aika wa fasto saƙon godiya. Ana iya cewa godiyar da aka tsara ba ta da ɗanɗano, kuma akwai gaskiya a ciki idan saƙon «Allah ya ƙara basira» ne kawai. Wanda ya ambaci takamaiman abin da ya ji a wa'azi da yadda ya yi amfani da shi a cikin mako, nasa saƙon ba zai yi kama da aikin jadawali ba.

Inda manhajar ke ba da haushi shi ne sanarwa. Tunatarwar da magatakarda ya sa wa wani abu a kalandar da aka raba, wayarsa kaɗai za ta yi ƙara. Kowane mutum sai ya saita tasa. Sau da yawa kuma sabuwar kalanda ba ta bayyana a waya sai an shiga saituna an kunna mata daidaitawa, sannan tsarin tattalin batir na wasu wayoyin Android na danne sanarwa. Tunatarwa ta gajeren saƙon waya kuwa Google ya daina ta tun Janairun 2019, don haka mai ƙaramar waya ba shi da rabo. A ware minti 20 bayan sujada, masu hidima su zo da wayoyinsu a saita su ɗaya bayan ɗaya, a gwada da abu na ƙarya a ji ta yi ƙara. A kuma buga jadawalin wata daga kwamfuta a manna a allon sanarwa.

Wani kuskuren da ake yawan yi: wajen ɗage abu mai maimaituwa, manhajar na tambaya ko wannan kaɗai, ko wannan da na gaba, ko duka. Mai gaggawa ya danna «duka», jadawalin shekara ya rikice. Abin da aka goge na zama a kwandon shara kwana 30, ana dawo da shi ta kwamfuta. Masu izinin gyara kada su wuce biyu.

Haɗarin da ya fi waɗannan ba daga manhajar yake ba. Da zarar dattawa sun fara ganin lokutan fasto, wani zai fara ƙirga guraben da ba komai yana tambayar ina ya shiga. Kalandar ta zama bulala. Ibraniyawa 13:17 na so shugabanni su yi aikinsu da farin ciki, ba da nishi ba, kuma yawancin aikin fasto, karatu, addu'a, kiran waya na dare, ba ya shiga gurbi. A rubuta a ƙudurin zama cewa ba za a yi amfani da kalandar wajen auna ƙwazonsa ba. Idan akwai rashin jituwa tsakaninsa da dattawa, a sasanta tukuna kafin a raba komai.

Idan aka kwatanta da zauren WhatsApp, fifikon a bayyane yake: a zaure sanarwa na nutsewa ƙarƙashin gaisuwa da hotuna, a kalanda tana nan a ranarta. Zauren ya ci gaba da zama wurin tuni, magatakarda na aika jadawalin mako kowace Asabar. Ikilisiyar da ba ta wuce mutum 40 ba, takarda a bango da dattijo ɗaya mai himma sun ishe ta. Mai fastoci da yawa da ɗaruruwan masu hidima za ta fi jin daɗin manhajar da aka yi musamman don coci, irin su Planning Center. Masu matsakaicin girma su ne Google Calendar ya dace da su, da sharaɗin akwai mutum ɗaya da zai ba shi kamar minti 30 kowane mako yana gyara da tuni.

Kada a ɗora komai rana ɗaya. A fara da ranar hutu da dattijon mako, na tsawon mako shida, sannan a zauna a ƙirga ranakun hutu nawa suka wuce ba a taɓa su ba. Idan sun kai biyar, a buɗe shafin ganawa. Idan ba su kai uku ba, a binciko su wa ke kiran fasto kai tsaye da abin da ya hana su kiran dattijon, a gyara wannan kafin a ƙara wani abu.