Gudu mai nisa a hankali ko zagayen fili da ƙarfi: wanne ya dace da mai shirin gasar kilomita 10?

Ɗan'uwa, ka tambaya cewa kana shirin shiga gasar kilomita 10 nan da wata huɗu, kuma abokanka sun rabu biyu, wasu suna cewa ka riƙa gudu mai nisa a hankali, wasu kuma suna cewa ka shiga fili ka riƙa zagayen mita 400 da ƙarfi kana hutawa tsakani. Wannan gardama ta girme mu, domin manyan masu horar da 'yan gudu sun shafe fiye da shekara sittin suna yin ta.

Masu goyon bayan zagayen fili sukan kafa hujja da Emil Zatopek, ɗan ƙasar Cekoslobakiya, wanda a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952 ya ci zinare a mita 5,000 da mita 10,000 da kuma gudun fanfalaki, alhali bai taɓa shiga gasar fanfalaki ba kafin ranar. Atisayensa shi ne maimaita mita 400 sau arba'in ko fiye a yini ɗaya. Sai dai abin da ake mantawa shi ne bai kasance yana zuba dukkan ƙarfinsa a kowane zagaye ba, kuma idan aka haɗa zagayen da sassarfar da yake yi tsakani, nisan da yake ci a yini ya fi abin da yawancinmu muke gudu a mako.

Ɗaya ɓangaren kuma na Arthur Lydiard ne, kocin New Zealand, wanda ya riƙa sa 'yan wasansa su yi makonni suna gudun kimanin kilomita 160 a mako kafin su taɓa atisayen sauri. Ɗalibinsa Peter Snell ya ci zinare a mita 800 a gasar Olamfik ta Roma a 1960, sannan ya ci mita 800 da 1,500 a ta Tokyo a 1964. Wato mutumin da gasarsa ba ta kai minti biyu ba, a kan gudu mai nisa aka gina shi.

Dalilin yana cikin jiki. Gudu a hankali yana sa zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu, yana ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, yana kuma koya wa jiki amfani da kitse a matsayin makamashi. Zagayen fili yana ɗaga iyakar iskar da jiki zai iya sarrafawa, kuma amfaninsa yana bayyana da wuri, cikin 'yan makonni. Matsalarsa ita ce ƙashi da jijiyoyin agara ba sa ƙarfi da saurin da zuciya da huhu suke yi, shi ya sa sabon mai gudu da ya fara da zagaye yakan ƙare da ciwon ƙwauri ko gwiwa tun kafin ranar gasa.

Stephen Seiler, masanin motsa jiki da ke aiki a Norway, ya bi diddigin atisayen manyan 'yan gudu da masu keke da masu tuƙin kwale-kwale, ya gano cewa kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali ake yin sa. A sansanin Kaptagat na Kenya, inda Patrick Sang yake horar da Eliud Kipchoge, gwanin gudun fanfalaki, ana fara gudun ranakun sauƙi da sassarfar da ba za ka ce ta zakaran duniya ba ce.

Kuskuren da na fi gani a wurinmu shi ne gudun tsaka-tsaki a kullum, wanda ya yi tsanani ga hutu, ya kuma yi sanyi ga horon sauri. Ma'aunin gudu a hankali shi ne ka iya hira da abokinka ba tare da haki ba, kuma da yake zafi yana ɗaga bugun zuciya, bayan sallar asuba ya fi dacewa da shi.

A shawarata, ka ba wata biyu na farko ga gudu a hankali kwana huɗu a mako, kana tsawaita ɗaya daga cikinsu har ya kai kilomita 12. Daga wata na uku ka shigar da zagaye sau ɗaya a mako, kamar mita 800 sau biyar da sassarfar minti biyu tsakani, sannan ka rage nisa da kusan rabi a makon gasar.