Sharhi Kan Camel Trail: Kwana Biyu A Kan Keke Ba Hon Ba Hayaƙi

Da na dawo Sakkwato daga ziyarar ƙanena da ke karatu a Ingila, na je gaida kawuna a Runjin Sambo, kuma a cikin hira na ambata masa cewa na hau keke a kan wata hanya da Turawa ke kira Camel Trail, wadda mai jin Turanci zai ɗauka hanyar raƙumi ce. Sai ya gyara zama ya ce, "To ɗana, raƙumma nawa ka gani can?" Na ce, "Kawu, ko ɗaya." Sunan ba shi da wata alaƙa da dabbar da muke gani a kasuwar Kara. Sunan kogi ne, kuma ya fito ne daga tsohon harshen mutanen Cornwall, inda kalmar ke nufin abin da ya karkace, saboda yadda kogin ke ta lanƙwasa kafin ya faɗa teku.

Cornwall tana can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, teku ya kusa kewaye ta, kuma ƙasa ce wadda in ba hawa kake yi ba to gangara kake yi. Titunan ƙauyukanta ƙanana ne, shinge mai tsawo ya rufe su dama da hagu, ta yadda mai keke ba ya ganin motar da ke tafe sai ta iso gabansa. Wannan ne ya sa hanyar da nake magana a kanta ta yi daraja. Tsawonta mil 18 ne, kimanin kilomita 29, daga garin masunta na Padstow da ke bakin teku, ta ratsa Wadebridge, ta bi ta gefen Bodmin, ta ƙare a Wenfordbridge. Ba a biyan ko sisi kafin a hau ta, kuma ba a barin mota ko babur su shiga.

Abin da ya sa ta zama shimfiɗaɗɗiya a tsakiyar tuddai shi ne tsohon layin dogo ce. An buɗe sashen da ke tsakanin Wadebridge da Bodmin a 1834, layin ya isa Padstow a 1899, aka daina jigilar fasinja a 1967, sannan jiragen da ke ɗauko farar ƙasa daga Wenford suka tsaya a 1983. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsauri, don haka waɗanda suka shimfiɗa layin suka bi kwarin kogi, inda dutse ya tare su suka sare shi, inda ruwa ya gitta suka yi gada. Da aka cire ƙarafunan, sai mai keke ya gaji wahalar da wasu suka sha shekaru fiye da ɗari da suka wuce.

Na yi hayar keke a wani shago a Wadebridge, kuma na zaɓi irin wanda ake yi domin hanyar burji: kansa lanƙwasasshe kamar na keken tsere, tayarsa ta fi ta keken tsere kauri, birkinsa na faifai ne, ga giya da yawa. Hayarsa ta fi ta keken gama-gari tsada, kuma zan faɗi nan gaba inda kuɗin ya biya da inda bai biya ba.

Ranar farko na nufi Padstow, tafiyar mil biyar da rabi a gefen bakin kogi. Wanda ya tashi yana ganin gulbin Rima, wanda ke cika da damina ya janye da rani, dole ya tsaya ya yi kallo a nan, domin wannan kogin yana yin damina da rani sau biyu a kowace rana. Da hantsi da na wuce, ruwa ya janye, sai farin yashi da laka, ƙananan jiragen ruwa sun kwanta a gefe ɗaya kamar jakunan da aka sauke wa kaya, tsuntsaye masu dogon baki suna ta tono. Da na juyo bayan la'asar, teku ya turo ruwa ya shafe duk wannan, jiragen nan sun miƙe suna lilo a kan igiyoyinsu. Na daɗe tsaye a kan tsohuwar gadar ƙarfe da ke kusa da shiga Padstow, iska mai gishiri tana kaɗa mini riga, kuma a tsawon wannan lokaci ban ji hon ko sau ɗaya ba. Wanda ya taɓa ratsa shataletalen Dandima a kan keke da ƙarfe biyu na rana, 'yan kabu-kabu na gogar gwiwarsa, shi zai san nauyin wannan magana.

Sai dai na yi kuskuren zuwa ranar Asabar a cikin Agusta, lokacin hutun makarantu, kuma rashin mota bai hana cunkoso ba. Akwai iyaye masu jan ƙananan yara a akwati mai taya, akwai yaran da ke koyon keke suna yawo daga wannan gefe zuwa wancan, akwai masu tafiya a ƙasa da karnuka a kan doguwar igiya wadda kan gitta hanya kamar tarko, har da masu dawaki. Hannuna bai bar kan birki ba. A wannan sashe ƙasar a daddaɓe take, sumul, ko tsohon keken Raleigh irin na iyayenmu zai bi ta ba tare da gargada ba, saboda haka ƙarin kuɗin da na biya domin keken burji asara ce a ranar. Akwai kuma wani abu da ya kamata baƙo ya sani: a cikin garin Wadebridge hanyar tana yankewa, dole ka shiga titi tare da motoci na 'yan mintuna kafin ka sake kama ta, kuma da yake su ta hagu suke tuƙi, shataletalensu yana juyawa ne saɓanin namu. Ni dai sauka na yi na tura.

Batun abinci, garin ya cika da masu sayar da wani burodi mai nama da dankali a ciki da suke alfahari da shi. Na nemi mai cuku da albasa, na kuma sami soyayyen kifi, ban sha wahala ba.

Rana ta biyu, wata Talata ce a farkon Satumba, ita ce ta sa nake ganin tafiyar ta cancanci kuɗinta. Na fita da sassafe na nufi Wenfordbridge, tafiyar da ta haura mil 12. Bayan an wuce Boscarne, inda har yanzu tsohon jirgin ƙasa mai aiki da kwal ke kawo masu yawon buɗe ido, sai a kai mararrabar Dunmere, a nan ne hanya ke rabuwa: ɗaya ta haura cikin Bodmin, ɗaya ta bi kogi zuwa arewa. Daga nan jama'a suka ragu ƙwarai, itatuwa suka haɗe a sama har rana ba ta sauka ƙasa sai ɗigo-ɗigo, kogin ya ƙanƙance ya koma rafi mai gudu a kan duwatsu. An yi ruwa da dare, don haka akwai taɓo, da tsakuwa, da jiƙaƙƙen ganye mai santsi. A nan keken ya nuna aikinsa, domin tayar ta riƙe ƙasa, birkin kuma bai yi sanyi ba duk da laimar da ke jikinsa. Hawan a hankali yake, ba ka gane kana hawa sai a dawowa, lokacin da za ka ga keke na tafiya kusan da kansa.

A nan ne kuma na gamu da abin da ya ɓata mini rai. Tayar baya ta sace a tsakiyar kurmi, na buɗe 'yar jakar da ke ƙarƙashin sirdi, sai na tarar babu famfo, babu kayan faci, alhali mai shagon ya tabbatar mini komai na ciki. Laifina ne da ban duba ba, amma nasa ya fi girma. A Sakkwato da wuya ka tura keke na minti goma ba ka sami mai faci a ƙarƙashin dogon yaro ba, da kwanon ruwansa da famfonsa. A can kuwa babu wannan sana'a a bakin hanya, kowa makanikin kansa ne, ga shi waya ba ta kamawa sosai a cikin kwarin. Na tura na kusan rabin awa kafin wani dattijo mai keke ya tsaya, ya ciro kayansa, ya durƙusa a cikin taɓo muka yi facin tare. Ƙaya ce ƙarama ya zaro, wadda ko rabin tsidau ɗinmu ba ta kai ba.

Da na isa Wenfordbridge sai zuciya ta raya mini in haura zuwa ƙauyen St Breward da ke gefen tsaunukan Bodmin, inda tudu mafi tsawo a Cornwall yake, mai mita 420. Ban yi nisa ba na gane abin da layin dogo ya ɓoye mini tun safe. Na sauko da giya har ta ƙarshe, cinyoyina suka ɗauki zafi, sannan wata motar noma ta cika titin har sai da na manne da shinge. Na juyo.

Tun da na dawo nake tunanin ko za mu iya samun irinta. Mu ba mu da tsohon layin dogo, domin jirgin ƙasa ya tsaya ne a Ƙauran Namoda tun 1929 bai ƙaraso Sakkwato ba. Muna da hanyoyin burji da na fadama wajen Kwalkwalawa da Kware, waɗanda keke irin wannan zai ji daɗinsu da sanyin safiya a lokacin hunturu, amma babu wadda babur ba ya bi, kuma rairayi da tsidau za su sa mutum ya nemi tayar da ta fi wadda na haya kauri.

Ga wanda zai je da iyali, sashen Padstow ya ishe shi, keken gama-gari ma ya wadatar, ya dai kauce wa ƙarshen mako a watan Agusta. Wanda kuwa yake neman burji da shiru, ya kama hanyar Wenfordbridge da sassafe a tsakiyar mako, ya ɗauki rigar ruwa ko da gari ya waye garau, kuma ya buɗe jakar sirdin nan a gaban mai shago kafin ya ɗora ƙafa a kan feda.