Littafin ƙawayen amarya a gidan gilashi: rabinmu sun yaba, rabi sun ce an ɓata musu dare

Duk mai neman littafin da zai ruɗa shi har shafin ƙarshe bai gane wa ya yi kisa ba, gaskiya kar ya sa kuɗinshi a wannan, zai ji haushi. Amma matar da ta taɓa yin ƙawa tun ƙuruciya, irin ƙawar nan da ta san sirrinki kuma ke kin san ta sani, to wallahi littafin nan zai hana ki barci, ni dai ya hana ni.

Littafin Ruth Ware nike nufi, marubuciyar Ingila, In a Dark, Dark Wood, wanda ya fito a 2015, shi ne na farkonta a labarin kisa na manya, kafin nan littattafan matasa take rubutawa da sunan Ruth Warburton. Mu, ni da 'yan uwa da ƙawaye a nan Maraɗi, na Faransanci munka karanta, mai suna Promenez-vous dans les bois... pendant que vous êtes encore en vie. Kwafi ɗaya ne tak, ƙanwar maigidana da ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta sayo shi na hannu a Yamai, daga nan ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, daga unguwar Ali Dan Sofo zuwa Zariya zuwa Sabon Gari, har bangonshi ya fara rabuwa sai da anka liƙe da sikoc.

Labarin a taƙaice, ba tare da na ɓata ma kowa ba. Nora yarinya ce 'yar shekara 26, marubuciyar labarin kisa, tana zaune ita kaɗai a Landan, ba ta son hayaniya, abinta kawai kafe da gudun motsa jiki. Sai ga saƙon imel daga wata Flo da ba ta sani ba, wai ana gayyatarta shagalin ƙawayen amarya, irin wanda Turawa ke yi kafin ɗaurin aure su tafi wani wuri su kwana biyu, kuma amaryar Clare ce, aminiyarta ta makaranta wadda rabonsu da magana shekara 10. An gayyace ta shagalin amma ba a gayyace ta bikin auren kanshi ba. Ta yi shawara da Nina, tsohuwar ƙawarsu likita, sunka shiga jirgin ƙasa zuwa Newcastle, sunka ɗauki motar haya zuwa dajin Kielder a yankin Northumberland, can arewacin Ingila dab da iyakar Sikotilan, cikin watan Nuwamba lokacin sanyi. Sai da ta isa, a cikin mota, Clare ta faɗa mata cewa angon James ne, saurayin Nora na da, wanda har yau ba ta warke daga rabuwarsu ba.

Gidan shi ne abin da kowa a cikinmu ya yarda an yi aiki a kai. Na gwaggon Flo ne, kusan duk bangonshi gilashi, a tsakiyar itatuwa, da dare ya yi an kunna fitila duk wanda ke waje yana ganinku tas ku kuma ba ku ganin komai sai baƙin duhu da inuwar kanku. Mu da munka tashi a gida mai katanga da zaure, wanda ko baƙo namiji sai ya yi sallama an ba shi izini, wannan kaɗai ya isa ya tada ma mutum tsigar jiki. Ga bindiga rataye a bangon falo wadda anka ce harsashin cikinta na banza ne mai ƙara kawai, ga rezo babu sai mutum ya yi ta ɗaga waya sama, wayar gidan ma daga baya ta mutu, sannan da safe a ga sawun ƙafa cikin dusar ƙanƙara wanda kowa ya ce ba nashi ba ne. Daren da na kai wajen da sunka ji motsi a ƙasa sunka taru a saman bene cikin kayan barci, kuran ya ɗauke a unguwarmu, ina riƙe da tocilan waya a cikin gidan sauro, iska ta kaɗa ƙofar langa-langar kicin ta yi ƙara, sai da na tashi na leƙa yara na dawo.

To inda munka rabu. Yayata ita ce ta fara, ranar sunan 'yar wata maƙwabciya muna zaune bayan an watse ana kwashe tabarmi, ta ce "Ke ni fa tun shafin farko yarinyar nan ta ba ni haushi, wadda kunka shekara goma ba gaisuwa ba ta'aziyya ba barka, ta aiko a kira ki daji kuma ki ɗauki jaka ki tafi? Ba ta da uwa ne da za ta hana ta?" Na ce Yaya ai son sani ne ya kai ta, tana son ta ji me ya sa yanzu. Ta ce son sanin banza. Kuma da anka gaya mata angon tsohon saurayinta ne me ya hana ta juya a daren? Wannan tambayar kam tana da ƙarfi, marubuciyar ta yi ƙoƙarin toshe ta da cewa ba mota a hannun Nora ga nisa ga girman kai kar a ce ta gudu, amma ban ce ta toshe duka ba.

Wata malama abokiyar aikina 'yar Madarunfa ita wani gefe ta kama, ta ce ita abin da ya hana ta shiga labarin shi ne mutum shida da hankalinsu su zaɓi tsakiyar daji don shaƙatawa, ita da ta san halin da mutanen wajen dajin Baban Rafi ke ciki da masu satar mutane da shanu, daji a wurinta wurin da ake addu'a kafin a ratsa ne. Na fahimce ta sosai kuma ban yi mata gardama ba. Sai dai na ce mata ai a littafin nan dajin bai yi ma kowa komai ba, itatuwa ne kawai a tsaye, abin tsoron yana cikin falo yana shan shayi da su, da ɗan gari akan ci gari.

Nan ne ni littafin ya kama ni, kuma nan nike ganin waɗanda sunka raina shi ba su tsaya sun duba ba. Clare. Kyakkyawa, mai fara'a, kowa na son ya zauna kusa da ita, ita ce ta ɗauki Nora tun suna ƙanana lokacin da ba mai kula ta, ta jawo ta jiki, to amma irin jawowar da sai kin biya, ta san abin da ke sa ki kuka kuma tana ajiye shi sai ranar da take buƙata. Ko suna ma, a makaranta Lee suke kiranta, ta girma ta zaɓi Nora, tana ta cewa ku kira ni Nora, amma ana shiga gidan nan sai anka mayar da ita Lee, kuma kana karantawa kana ganin yadda mace mai aikinta da gidanta ke komawa 'yar shekara 16 mai in'ina a gaban ƙawarta. Wallahi na san wannan. Mata da yawa a garin nan sun san wannan, akwai wadda in ta shigo taron biki sai ki ji muryarki ta canza, kina gyara ɗaurin kallabi ba dalili.

Sai Flo, wadda ta shirya komai. Ita tausayi ta ba ni fiye da tsoro. Tana sa kaya irin na Clare, tana magana irin ta Clare, ta ce Clare ce ta ceci rayuwarta, kuma dole shagalin nan ya yi daidai ko ana ha-maza ha-mata, wanda ya ce ya gaji sai ta fashe da kuka ko ta hau faɗa. Ko kafe ba ta saya ba a gidan saboda Clare shayi take sha, sauran baƙi oho. Wannan ɗan ƙaramin abu na kafe ya fi mini bindigar bango nuna halin da ake ciki. Duk wadda ta taɓa shiga hannun babbar ƙawar amarya lokacin anko da kuɗin lalle da wunin ƙawaye, wadda ke ɗaukar bikin kamar ranta ne a kai, za ta gane Flo tun kafin ta gama gabatar da kanta. Melanie kuma da ta bar jaririnta ɗan wata shida a gida tana ta neman rezo ta kira, ƙarshe ta tattara ta tafi, duk masu goyo a cikinmu sun ce ita kaɗai ce mai hankali a gidan.

Laifin littafin ba ɓoyayye ba ne. Mutanen kaɗan ne, in ka cire mai ba da labari ka cire wadda ta tafi, waɗanda za ka zarga ba su da yawa, ƙanwar maigidana ta ce tun kafin tsakiya ta gane, kuma da gaske ta gane don ta faɗa mini kafin ta gama. Ana yawan kwatanta Ruth Ware da Agatha Christie, shahararriyar marubuciyar labarin kisa ta Ingila, saboda salon rufe mutane a wuri ɗaya, to a wajen ɓoye mai laifi kam ba ta kamo ƙafarta ba a wannan littafin. Sannan labarin yana tsalle tsakanin gidan daji da gadon asibiti inda Nora ta farka jina-jina ba ta tuna abin da ya faru, ga 'yan sanda a bakin ƙofa, da farko abin na jan hankali amma daga baya sai ya zama ta tuna kaɗan ta manta, ta tuna kaɗan ta manta, har na fara tsallake layi. Mantuwar ma sai lokacin da marubuciya ke so take warkewa. Kuma abin da Nora ta yi dab da ƙarshe, fita daga asibiti a wannan hali ta koma inda ta koma ita kaɗai, ban yarda mai hankali zai yi ba.

Wasu sun ce shekara 10 ta yi yawa mace ta riƙe soyayyar ƙuruciya. Nan ban bi su ba. In kin kai inda anka bayyana abin da ya faru tana 'yar 16 da yadda anka rabu da ita ta saƙon waya, kuma ba ta da wanda za ta gaya mawa sai mutum ɗaya, za ki gane abin ya wuce soyayya, ciwo ne da ba a taɓa buɗe shi an wanke ba.

Gargaɗi ga iyaye da masu ba ƙanne aro, akwai shan giya sosai a ciki, akwai hodar iblis, akwai wasan kiran ruhohi da allo wanda ni kaina da na zo wurin sai da na yi a'uzubillahi, ga zancen samari ba kunya. Rayuwarsu ce haka anka rubuta ta, ba a yi wa'azi ba ba a kuma yi talla ba, amma ni ba zan miƙa ma 'yar kolej ba, Hajiyarmu ma da ta tambayi me muke ta gardama a kai ce mata munka yi labarin kishi ne.

Faransancin mai sauƙi ne, jimloli gajeru, babi gajeru, wanda ya yi lise zai karanta ba tare da ƙamus a gefe ba sai 'yan kalmomin zagi da na mashaya. Jika biyu da rabi ta saye shi na hannu, a wannan kuɗin ya biya, sabo kuwa da tsadar littafin da ake kawowa daga Faransa ni shawarata ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi ɗaya, kuma wadda ta riga gamawa don Allah ta kama bakinta, don ƙanwar maigidana ta ɓata ma mutum biyu tun kafin littafin ya iso hannunsu.